Mudugwa a Injin Haya

Kuchigoro, Abuja
Afrilu, 2019

Zuwa ga Uthman Nababa, shugaban kamfanin Ɗorawa Gem, Wuse.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Na gaishe ka ne don haka aka rene ni, ba don raina na min daɗi ba.

Ni ce Lydia mai shagon gem a Kuchigoro, in har ka manta. Wadda kake zuwa shagonta da kwamfuta a jakar goyo, kana roƙon samari su gwada maka gem ɗinka Unguwarmu, tun motar tasin da ke ciki ba ta da ƙofa. Yanzu ni ce shugabar ƙungiyar masoyansa, ko da yake sunan ya fara ba ni kunya. Na koma ga biro da takarda ne saboda kun rufe wurin sharhi a shafinku, wayarka kuma kullum a kashe. To, takarda dai ba a kashe ta. Zan ba wani direba ya ajiye maka a get.

Mun ga sanarwarku. Wai kun karɓo lasisin injin zane daga wani kamfani na ƙasar waje, za ku ajiye Jaki. Haba Uthman! Kai da bakinka ka koya min cewa inji shi ne ke zana duk abin da ido ke gani a gem, ƙasa da bango da hasken rana. Ka ce namu da hannunka ka rubuta shi, a ɗakin haya a Durumi, ana kawo wuta ana ɗaukewa. Mu muka sa masa suna Jaki, don ba ya sauri amma ba ya zubar da kaya. Da shi muke yi wa 'yan Legas gori. Yau kuma ka je ka ɗauko na haya, irin wanda kowa da kowa ke hawa.

Amma ba gori ne ya zaunar da ni rubutu ba. Mudugwa ce.

Gem ɗinka yana ba kowa fili ya gina unguwarsa. Wasu sun gina gidajen Maitama har da wurin ninƙaya. Mu da muka gudo daga gabas, garinmu muka gina, Mudugwa, yadda take kafin masu bindiga su ƙone ta. Ba mu fito da hoto ko ɗaya ba, wa ya tsaya ɗaukar hoto? Daga ka muka ciro ta. Da yamma tsofaffi su jeru a benci gaban talabijin ɗina, ni ina riƙe da hannun gem, wannan ya ce rumbunsa ya fi haka tsayi, wannan ta ce ƙarya ne, rijiyar a bayan coci take ba a gaba ba. Mahaifiyata Monica sai da ta sa na yi ta matsar da dutsen niƙanta har na ji kamar in yi kuka. Gonakin kan tudu, ɗaya bayan ɗaya na jera duwatsunsu. Wasu daga cikin waɗanda suka nuna min inda ƙofarsu take, mun riga mun binne su a nan Abuja. In garin nan ya ɓace, babu wanda zan sake tambaya.

To ka faɗa min da Hausa, ba da Turancin sanarwa ba: in kun ajiye Jaki, ina Mudugwa za ta?

Ka huta lafiya. Ka gaida Hajiyarka.

Lydia

*

Wuse, Abuja
Afrilu, 2019

Anti Lydia,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya tare da Mama da sauran jama'a. Takardarki ta iso. Ban manta ki ba, kuma ban ji daɗin fara ta da wannan zargin ba.

Na kashe waya ne saboda tun ranar sanarwa ban sami saƙon da ba zagi ba. An kira ni maci amana, an kira ni yaron Turawa, wani ya ce Allah ya tsine wa hannun da ya karɓo lasisin. Mutanen da ba su taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja ba, su ne yau ke koya min kishin ƙasa. Akasarinsu kuma a ƙungiyarki suke.

Bari in faɗa miki da Hausar da kika nema. Jaki yana mutuwa. Na rubuta shi ina ɗanye, don wayoyin wancan lokacin. A sababbin wayoyi gem ɗin rufewa yake kafin a kai shataletalen farko. Ke ma kin sani, don ke kike fara kirana ki yi faɗa. Ammar, wanda shi kaɗai ya san cikinsa bayan ni, ya sami aiki a wata hukumar tarayya ya tafi. Waɗanda nake ɗauka yanzu injin waje suka koyo a jami'a, babu mai zama ya koyi abin da ba a amfani da shi a ko'ina sai a wani bene a Wuse. In na nace wa Jaki, nan gaba kaɗan ba gem, ba Mudugwa, ba kuma ƙungiyar da za ki shugabanta. Tela ma ai ba shi ke ƙera keken ɗinkinsa ba, kuma ba a taɓa cewa ɗinkin ba nasa ba ne.

Game da Mudugwa, na san abin da take a wurinku. Na taɓa zama a wannan bencin. Ita zan fara ɗauka zuwa sabon injin kafin kowace unguwa, kuma da kaina zan yi aikin. Abin da nake roƙo shi ne ki ja wa mutanenki kunne. Ba a iya aiki a cikin ihu.

Allah ya bar zumunci. Ki gaida Mama.

Naki,
Uthman Nababa

*

Kuchigoro
Mayu, 2019

Oga Uthman,

Ina gaisuwa. Mama ta amsa, ta ce ko ƙafarka ta manta hanyar nan ne.

Tela! Kai, ka iya magana. To wane tela ka taɓa gani kekensa na zaɓar masa launin yadi? Mun ga hotunan sabon gem da kuka saka. Muka tsaya muna kallo, wani ya ce, "Anti, wannan wace ƙasa ce?" Itatuwan irin na katin Kirsimeti ne, masu tsini. Rana kamar ba ta karya kumallo ba. Tasi kore da fari sai ƙyalli take, ba lotsawa ko ɗaya, a Abuja! Mai tumatir a bakin kasuwar Wuse fuskarsa kamar an shafa masa toka, ga shi kuma da kwat. Kwat, Uthman, a wannan zafin! A Jaki kawunan mutane kamar kwali suke, na yarda, amma baƙaƙe ne irinmu, ƙasar kuma ja ce.

Haka za ka mayar da Mudugwa? Ka dasa wa uwata bishiyar Kirsimeti a inda tsamiyarta take?

Wai in ja wa mutanena kunne. Su ba 'ya'yana ba ne, ni kuma ba 'yar aikinka ba ce, sannan da gaskiyarsu. Ranar Lahadi bayan coci mun yi taro, shago ya cika har waje. Ɗanladi ya zo daga Wuse da mutanensa. Ka san shi, mai gyaran waya a kasuwa, wanda ba a taɓa cin shi a tseren tasi na gem ɗinka ba. In kana ganin bakina da zafi, ba ka ji nasa ba. Na tashi na faɗa musu magana ɗaya: a nuna wa Ɗorawa ba ma son ɗan haya, kowa ya nuna yadda zai iya. Suka yi tafi har mai shayi ya leƙo. Tuni aka fara zare muku taurarin yabo a shagon manhaja, ka duba ka gani.

Kuma ka daina tuna min ka zauna a bencina. Ka zauna, ka sha kunun aya, ka ɗauki hoto da tsofaffinmu ka kai wa manyan Abuja suna ta yaba maka. Yanzu ofis ya samu, na'urar sanyaya ɗaki ta samu, mu kuma mun zama ihu. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

Ku bar mana Jaki a kunne, ko da mu kaɗai ne a ciki. Iyakar buƙatata ke nan.

Sai na ji daga gare ka.

Lydia

*

Wuse
Yuni, 2019

Malama Lydia,

Bayan gaisuwa.

Na ga yadda kuka nuna. Safiyar Litinin ma'aikatana suka tarar da jaki, na gaske mai rai, a ɗaure a get ɗin ofis, an rataya masa kwali a wuya da sunana a jiki. Ban san inda Ɗanladi ya samo jaki a Abuja ba. Rosemary mai karɓar baƙi ta zo shiga, aka zagaye ta ana ihu ana ɗaukarta a waya. Baiwar Allah da ba ta san komai game da inji ba ta koma gida tana kuka. Wani kuma ya saka hoton gidan mahaifiyata a shafin ƙungiyarku. Mahaifiyata, Malama, wadda kike cewa in gaishe ta. Wannan ba zan manta da shi ba.

Jaki ba zai zauna a kunne ba. Ba ni da hannun riƙe inji biyu, kuma ba da dabba a bakin get za a canza min shawara ba.

Duk da haka na cika alkawari, ba don ke ba, don waɗancan tsofaffin. Hotunan da kika yi wa ba'a, kayan da suka zo da injin ne, na gwaji. Na zubar da su. Na zana tsamiya da kaina, na gyara launin ƙasa da na fata, na bi duwatsun tudu na tabbatar kowanne yana inda kika ajiye shi. Mudugwa ta ƙaura lafiya. Ranar Asabar da yamma za mu buɗe filin gwaji ga kowa da kowa. Ki tara su Mama su gani da idonsu, sannan ki zage ni in kin ga abin zagi.

Saura magana ɗaya, ki karanta ta da kyau. A Jaki, abin da aka ajiye ba ya motsi har abada. Sabon injin ba haka yake ba. A cikinsa bango na faɗuwa in mota ta buge shi, ciyawa na kamawa da wuta. Ba mu gama saka makullin da zai kare unguwannin mutane ba, kuma ba zan ɗaga ranar ba, don na riga na gayyaci baƙi. Ki gaya wa Ɗanladi da mutanensa su shigo da hankali.

Na bar ki lafiya.

Uthman Nababa

*

Kuchigoro
Yuni, 2019

Uthman,

Ba ni da gaisuwar da zan ba ka yau, amma ga ta nan, karɓi.

Na tara su. Na aro kujerun coci, na zuba mai a janareta, na goge talabijin. Har waɗanda ba sa fita sai an riƙe su sun zo. Limamin layinmu ya zo ganin masallacinsu. Mama ta ɗaura zanen da take zuwa biki da shi.

Zan faɗi gaskiya ko da ba na so. Garin ya buɗe a gabanmu. Tsamiya na kaɗawa, inuwarta na motsi a ƙasa, dawa na rausaya a kan tudu. Jaki bai taɓa ba mu iska ba. Mama ta ce in bi ta hanyar rijiya, na bi. Ta ce in tsaya a ƙofarmu, na tsaya, ta miƙa hannu ta taɓa gilashin. Wani tsoho ya ce, "Akuyata kawai ban gani ba," aka kwashe da dariya. Ni kaina na ji raina ya fara sanyi, har na ce a zuci gobe wata irin takarda zan rubuta maka.

Sai ga motoci a allon. Tasi kore da fari, a jere, sun shigo ta hanyar kasuwa, kowace da jarkar fetur a samanta. Wallahi na ɗauka gaisuwa suka zo. Ta farko ta daki rumbun maƙwabcinmu, ya zube. Ta biyu ta kutsa cikin dangar kara, sai wuta. Uthman, injin nan naka ya iya wuta. Ya iya hayaƙi, ya iya ƙarar jinka tana ci, ya iya yadda rufi ke lanƙwasa kafin ya rufta. Waɗanda suka ƙera shi can a ƙasarsu sun zauna sun koyi wannan da kyau, sannunsu da aiki.

Wata mata ta kurma ihu ta fita da gudu ba takalmi, tana kiran sunan ɗanta da ya rasu tun can. Mai akuya ya zame daga kujera. Liman sai salati yake. Ni kuwa na rasa inda ake kashe abin, ni da nake kunna shi kullum. Sai da wani ya fizge wayar janareta. Mama ba ta yi ihu ba. Wancan karon ita ta riga ta haye dutse kafin a sa wa garin wuta, ba ta gani ba. Ranar Asabar ta gani, a kujerar gaba, da zanen biki.

Na kira Ɗanladi a waya. Yana dariya, ana shewa a bayansa. Ya ce sun ƙone duk unguwannin da ke filin, har da gidajen Maitama, don duniya ta ga ɗan haya ba ya riƙe amana. Na ce, "Har da Mudugwa, Ɗanladi?" Ya ce, "Haba Anti, ai gem ne."

Na san abin da za ka ce. Za ka ce ka gargaɗe ni. E, na gaya musu. Amma kai ka san babu makulli, ka wangale ƙofa, ka ce in tara tsofaffi, don kawai kar baƙinka masu manyan riguna su ce ka ɗaga rana. Mutanen da suka sha wuya suka fara iya barci, ka zaunar da su ka sake nuna musu. Allah ya isa tsakanina da kai.

Lydia

*

Wuse
Yuni, 2019

Malama Lydia,

Ina gaisuwa, ina kuma jajanta wa su Mama. Wallahi na ji labarin, ban ji daɗi ba. Ki faɗa musu ina ba su haƙuri, da gaske nake.

Amma Allah ya isan nan, ki rage min ita, ki ɗebi rabonki. An turo min bidiyon taron da kuka yi ranar Juma'a, ana gobe gwajin. Na ce ki ja musu kunne, ke kuma kika hau benci kika karanta musu takardata kina toshe hanci kina kwaikwayon muryata, ana ta dariya. "Ciyawa na kamawa da wuta, ba mu gama saka makulli ba." Har sau biyu kika maimaita, Ɗanladi na tsaye a gefenki yana gyaɗa kai. Kafin wannan babu wanda ya san haka a wajen ofishina sai ke. Na yi kuskure da na buɗe babu makulli, ban musa ba. Ni na bar ƙofar, ke kika yi shelar.

Yanzu ga abin da ya fi faɗanmu muhimmanci. Ba a yi asarar komai ba. Ina da kwafin Mudugwa tun kafin Asabar, kuma na mayar da ita: kowane rumbu, kowane dutse, tsamiyar da inuwarta. Na saka makullin, na cire wuta daga unguwar gaba ɗaya, ko ashana ba za ta kama a can ba. Ɗanladi da mutanensa na kore su daga gem ɗin. Ki kunna ki gani, kamar ba a yi ba. Ki sake tara su ki nuna musu, hankalinsu zai kwanta in sha Allahu.

Allah ya kiyaye gaba.

Uthman Nababa

*

Kuchigoro
Yuli, 2019

Uthman,

Na gaishe ka.

Na kunna. Mudugwa tana nan yadda ka ce. Na bi gida-gida ina kira, babu wanda ya fito. Mama kaɗai ta biyo ni, ita ma daga bakin ƙofa ta tsaya, ta ƙi zama. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ba a gabana ya ƙone ba?"

Na ce an mayar, Mama.

Ta ce, "Har rufin?"

Na ce har rufin.

Ta ce, "To wannan ba garinmu ba ne, Lydia. Namu ya ƙone, kuma babu wanda ya mayar." Ta juya ta tafi ɗora girki.

Na je wurin liman, na je wurin dattawan coci, bakinsu ɗaya. Ka goge Mudugwa, da ita da kwafin da kake taƙama da shi.

Ba sai ka amsa ba. Ka huta lafiya.

Lydia